Cinikin biri a sama: Yadda ake gane hotunan bogi na kayan kwamfuta a intanet

Hausawa kan ce gani ya kori ji. To amma a kasuwannin intanet, inda mai saye ba ya ganin komai sai hoton da mai haja ya ga damar nuna masa, gani kaɗai ba ya wadatarwa.

Kayan kwamfuta na daga cikin hajojin da 'yan damfara suka fi yi wa jama'a rufa-ido da su a shafuka irin su eBay da AliExpress da Facebook Marketplace da Jiji, har ma da ɓangaren Amazon da ƙananan 'yan kasuwa ke baje kolinsu.

Dalili kuwa shi ne, a idon wanda bai san su ba, kayan duk kamarsu ɗaya. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ta shekara goma da wadda ta fito bana, kowacce ɗan ƙarfe ne mai kusurwa huɗu da bai kai tafin hannu ba. Rubutun da ke bisa murfinsu ne ke raba su, kuma babu abin da ya fi rubutu sauƙin sauyawa a cikin hoto.

Sai dai akwai abin da ke taimakon mai saye. Ɗan damfara yakan sauya sunan kaya ne, ya bar jikinsu yadda masana'anta ta ƙera shi. Wanda ya san yadda jikin ya kamata ya kasance, zai iya kama ƙaryar tun kafin kuɗinsa su fita.

Salon maguɗin

Maguɗin ya kasu kashi-kashi. Mafi sauƙi shi ne satar hoto. Mutum ya ɗauko hoton kayan wani, ko kuma na kamfanin da ya ƙera su, ya ɗora a matsayin nasa, alhali ko dai ba shi da kayan sam, ko kuma nasa sun sha jiki.

Na biyu shi ne sauya rubutu da lambobi ta hanyar amfani da manhajojin gyaran hoto irin su Photoshop, wadda ta shiga kasuwa tun 1990. Da su ake mayar da gigabait 4 ya koma 16, ko a goge sunan tsohon samfuri a rubuta na sabo.

Na uku shi ne kwaskwarima domin ɓoye aibu. A nan kayan na gaske ne, amma an shafe tsatsa, ko tsagewar gilashi, ko tabon ƙuna daga hoton.

Akwai kuma hoton da babu wanda ya taɓa shi, domin kayan da kansu aka yi wa jabun. An manna sabuwar sitika a kan tsohon kaya, ko an kankare rubutun asali an zana wani, kana aka ɗauki hoton.

Tun daga 2023 kuma, lokacin da kamfanin Adobe ya sanya wani sabon salon ƙirƙirarriyar basira cikin Photoshop, mutum na iya zagaye wani sashe na hoto, ya rubuta abin da yake so ya bayyana a wurin, manhajar ta cike masa cikin daƙiƙoƙi. Aikin da a da sai gwani, yanzu kowa na iya yinsa.

Ba yau aka fara ba

A watan Maris na 2010, wasu da suka sayi furosesa samfurin Intel Core i7-920 daga shagon intanet na Newegg a Amurka sun buɗe kwalayensu suka tarar da abin mamaki. Furosesar guntun ƙarfe ce da ba ta aiki, littafin bayani kuma fararen takardu ne da aka haɗe. Fankar sanyaya ta kuwa, wadda ake hangowa ta tagar kwalin, wani dunƙule ne da aka manna wa hoton fanka.

Abin da ya tona asirin kwalin shi ne kurakuran rubutun Ingilishi da ke jikinsa. Daga bisani Newegg ya amince cewa kayan jabu ne, ya kuma yanke hulɗa da dillalin da ya kawo masa su.

A 2017 an sami rahotannin wasu da suka yi odar furosesa Ryzen 7 1700 ta kamfanin AMD a Amazon, aka kawo musu tsohuwar furosesar Intel mai araha ɗauke da tambarin Ryzen.

A 2020 kuma, lokacin da katin girafik, wato na'urar da ke sarrafa hotuna da bidiyo a kwamfuta, samfurin RTX 3080 na kamfanin Nvidia ya yi ƙaranci, wasu sun riƙa tallata hotonsa kawai a eBay da farashin katin gaske. Can ƙasan bayani ne suke rubuta cewa hoto a takarda za a aiko wa mai saye.

Masu yin hakan sun ce tarko ne suka ɗana wa manhajojin da 'yan kasuwa ke sakawa suna wawure kaya. Sai dai tarko ba ya tantance wanda ya taka shi. An sake ganin irin wannan talla a farkon 2025 bayan fitowar RTX 5090, wanda farashinsa na kamfani ya kai dala 1,999.

Daga ina hoton ya fito?

Matakin farko, kuma mafi sauƙi, shi ne binciken asalin hoton. Shafin TinEye, wanda wani kamfanin Kanada ya buɗe a 2008, yana karɓar hoto ya nemo sauran wuraren da ya taɓa fitowa a intanet, kuma yana iya jera su daga mafi daɗewa. Google ya fito da irin wannan bincike a 2011, yanzu kuma ana yinsa ta Google Lens, ko da a wayar salula.

Idan hoton kwamfutar da wani ya ce tana hannunsa a yau ya bayyana a shafin wata ƙasa shekaru uku da suka wuce, to magana ta ƙare.

'Yan damfara sun san da wannan, shi ya sa sukan yanke gefen hoto, ko su juya shi dama ta koma hagu domin ɓatar da sawu. Juyin yakan bar alama: rubutu ya fito a birkice, ko kafofin da ya kamata su kasance a hagun kwamfutar su koma dama. Yana da kyau a juya hoton a sake bincikawa.

Rashin samun hoton a wani wuri ba ya wanke mai haja, domin injinan bincike ba sa ganin abin da ke cikin zaurukan WhatsApp ko shafukan da aka kulle.

A kuma dubi hotunan tallar baki ɗaya. Idan na farko a kan teburin katako aka ɗauke shi, na biyu a kan darduma, ko kuma tabon da ke bisa murfi a hoto na farko ya ɓace a na uku, to mai yiwuwa tsince-tsince aka yi daga wurare daban-daban. Kayan hannu da aka tallata da hoton kamfani mai farin bango kaɗai kuwa, ba a nuna wa mai saye komai ba tukuna.

Jikin kaya ba ya ƙarya

Kowane irin kayan kwamfuta na da sigar da ba ta sauyawa, domin sai ya dace da mazauninsa kafin ya yi aiki. Wannan siga ita ce babbar shaidar mai saye, kuma kamfanoni na wallafa ta a shafukansu.

A ɗauki sandar RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. A gefenta na ƙasa akwai jerin haƙora masu ruwan zinariya da giɓi guda a tsakaninsu. Ta kwamfutar tebur samfurin DDR3 na da haƙora 240, giɓinta kuma ya karkata sosai gefe guda. DDR4 na da 288, giɓinta ya fi kusa da tsakiya, kuma haƙoranta na tsakiya sun ɗan ɗara na gefe tsawo, abin da ke sa bakinta ya yi ɗan lanƙwasa.

A kwamfutar tafi-da-gidanka kuma, DDR3 na da haƙora 204, DDR4 na da 260, DDR5 na da 262. Ba sai an ƙidaya su ba. Ya isa a ajiye hoton talla kusa da na kamfani a ga inda giɓin ya faɗa. Sitikar da ta ce DDR4 a kan sanda mai giɓin DDR3 ta tona wa kanta asiri.

Haka lamarin yake ga furosesa. Tun 2004 furosesoshin Intel na kwamfutar tebur suka koma marasa allurai a cikinsu, alluran suna jikin mazauninsu ne. Ryzen 7 1700 kuwa, da 'yan uwanta masu hawa mazaunin AM4, suna da allurai fiye da dubu a ciki. Da waɗanda suka yi sayayyar 2017 sun sami ganin cikin abin da za a aiko musu, da sun gane tun da wuri. AMD ya daina sanya alluran ne a mazaunin AM5 da ya fito a 2022.

Siffar ma na magana. Daga zubi na 12 da ya fito a 2021, furosesar Intel ta tebur ta zama mai tsawo, milimita 45 da 37.5, saɓanin na baya da tsawonsu da faɗinsu ɗaya ne. Hoton da aka rubuta wa i7-12700 amma tsawo da faɗi suka zo daidai, akwai lauje cikin naɗi.

A ɓangaren katin girafik, jabun da ya fi yin suna shi ne tsohon GTS 450 na 2010 da ake sayarwa da sunan GTX 1050 Ti na 2016. Na farkon yawanci gigabait 1 gare shi, na biyun gigabait 4. Yawancin jabun na ɗauke da kafar VGA, wato kafar nan mai ramuka 15 ta tsofaffin allunan kwamfuta, alhali Nvidia ya cire tallafin irin wannan kafa daga ƙwayoyinsa na zubin 2016.

Kafar wuta ma abin dubawa ce. Mazaunin katin girafik ba ya bayar da wutar da ta wuce wat 75. Katin da ke jan wat 450, kamar RTX 4090, dole a ga kafar ƙarin wuta a jikinsa.

Ƙananan ma'adanai na SSD masu kama da tsinken cingam, waɗanda ake kira M.2, su ma giɓi ne ke fallasa su. Masu gudu irin su Samsung 990 Pro giɓi ɗaya gare su, yayin da masu giɓi biyu galibi na tsohon tsarin SATA ne, wanda gudunsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba.

Wani lokaci ma samfurin da ke cikin hoton babu shi a duniya. A 2024 an ga ana tallata wata SSD mai suna 1080 Pro da ado irin na Samsung, alhali kamfanin bai taɓa ƙera abu mai wannan suna ba. Duba jerin kayan kamfani a shafinsa ba ya cin minti biyu.

Rubutu, haske da inuwa

Bayan siga sai rubutu. A faɗaɗa hoton iya faɗaɗuwa, a dubi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Harafin da aka ɗora daga baya yakan fi maƙwabtansa kaifi ko duhu, ko ya ɗan sauka daga layi, ko kuma a ga wurin da ke kewaye da shi ya yi sumul fiye da sauran jikin ƙarfen.

Idan an ɗauki hoton a karkace, dole rubutun ma ya karkace tare da kayan. Rubutun da ya miƙe sak a kan abin da ke kwance a karkace, ɗora shi aka yi.

Mai sauya lamba yakan manta da sauran lambobin da ke tare da ita. Alal misali, tsakanin Core i7-6700 ta 2015 da Core i7-8700 ta 2017 lamba ɗaya ce ta bambanta, kuma mayar da 6 ta zama 8 ba wani aiki ba ne. Amma a bisa murfin ta farkon an rubuta 3.40GHz, ta biyun kuma 3.20GHz. Akwai kuma wata gajeriyar lambar shaida mai haruffa biyar da Intel ke bugawa a murfi, wadda ake iya bincikawa a ga ko ta dace da sunan.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Ta farkon na da rassan aiki huɗu, ta biyun shida. Bugu da ƙari, Microsoft ya sanya ta biyun cikin jerin waɗanda Windows 11 ke karɓa, bai sanya ta farkon ba, kuma ranar 14 ga Oktoban 2025 ce ya tsayar a matsayin ƙarshen tallafin yau da kullum ga Windows 10.

Haske da inuwa su ma shaidu ne. Farfesa Hany Farid, masanin binciken hotuna wanda ya koma jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2019, ya daɗe yana bayyana wata dabara mai sauƙi: idan fitila ɗaya ce ta haska wuri, layukan da aka ja daga kowace inuwa zuwa abin da ya haifar da ita za su haɗu a wuri guda. Kayan da inuwarsa ta nufi wani gefe daban da ta sauran abubuwan da ke kan tebur, daga wani hoton aka yanko shi.

Inda aka goge tabo kuma, sau da yawa ana kwafo wani sashe na kusa ne a rufe wurin. Shi ya sa akan ga ƙura iri ɗaya, ko zane iri ɗaya, ya maimaitu sau biyu a wuri guda.

Hotunan ƙirƙirarriyar basira sun fi yin tuntuɓe a ƙananan abubuwa: maɓallan rubutu da suka maimaitu ko suka narke cikin juna, ƙananan rubuce-rubucen da ba sa karantuwa, fukafukan fanka da tazararsu ba ta daidaita ba, ko kafar da ba ta yi kama da kowace kafa da aka sani ba. Sai dai fasahar na ƙara gogewa a kowace shekara, don haka rashin ganin waɗannan kurakurai ba tabbaci ba ne.

Hoton fuskar kwamfuta ba hujja ba ne

Masu sayar da kwamfutocin hannu sukan haɗa da hoton fuskar kwamfutar, inda Windows ke nuna sunan furosesa da yawan RAM. Mutane da dama na ɗaukar wannan a matsayin hujjar ƙarshe, alhali ta fi kowace rauni.

Ana iya gyara hoton kamar kowane hoto. Ana kuma iya sauya sunan furosesar da Windows ke nunawa ta hanyar gyara layi ɗaya a rumbun saitunansa, ta yadda ko bidiyo aka ɗauka sunan ƙaryar ne zai fito. Sitikar Core i7 da ake mannawa kusa da maɓallan rubutu kuwa, sayar da ita ake yi a intanet.

Jabun katunan girafik ma haka suke. An sauya musu manhajar da ke cikin ƙwayarsu, ta yadda kwamfuta za ta kira su da sunan da ɗan damfara ya zaɓa. Matsalar ta yi yawan da a watan Oktoban 2018 masu manhajar GPU-Z suka ƙara mata dabarar gane irin waɗannan katuna, tana sanya musu alamar jabu a gaban sunansu.

Abin da ya fi ƙarfi shi ne lambar shaidar kwamfutar. Dell na sanya wa kowace kwamfutarsa lamba mai haruffa bakwai, HP da Lenovo ma na da nasu. Idan aka shigar da lambar a shafin kamfanin, zai nuna samfurin da matsayin garantinsa, sau da yawa har da kayan da aka haɗa kwamfutar da su.

Manhajojin bincike da iyakarsu

Kyamara kan ajiye wasu bayanai a cikin hoto, waɗanda ake kira EXIF, kamar ranar ɗauka da irin wayar, wani lokaci har da sunan manhajar da aka gyara shi da ita. Sai dai yawancin manyan shafuka na goge waɗannan bayanai idan aka ɗora hoto, kuma ana iya sauya su da gangan.

Akwai kuma dabarar ELA, wadda masani Neal Krawetz ya gabatar a 2007, kuma shafin FotoForensics ke bayar da ita kyauta. Tana haskaka sassan hoto da matsewarsu ta bambanta da ta sauran, abin da kan nuna inda aka yi ƙari.

Amfaninta na raguwa idan hoto ya bi hannu da yawa, domin shafukan talla da na sada zumunta suna sake matse kowane hoto. Gefen rubutu da wurare masu ƙyalli sukan haskaka ko da ba a taɓa su ba, lamarin da ka iya sa wanda bai ƙware ba ya zargi mai gaskiya.

A nemi sabon hoto

Hanyar da ta fi duk waɗannan ita ce mai saye ya ƙwace zaɓin hoto daga hannun mai haja. Ya nemi a ɗauko masa sabo bisa sharaɗinsa.

An daɗe ana neman mai haja ya rubuta sunansa da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da kayan. Da yake ita ma takardar ana iya ɗora ta, ya fi kyau a nemi a ɗan duƙunƙune ta, a kuma ɗora gefenta a kan kayan, da wata kalma da mai saye ya zaɓa a lokacin. Rubutun da ya bi lanƙwasar takarda ya fi wuyar ƙirƙira.

A nemi hoton ciki da baya da gefen kafofi, da na lambar shaida a jikin kaya da kuma a kwali, domin a ga ko sun zo ɗaya. Wasu masu gaskiya kan rufe wani ɓangare na lambar a tallar fili saboda gudun masu kwafe ta, amma ba sa ƙin nuna ta ga wanda ya zo saye da gaske.

Kiran bidiyo kai tsaye ya fi kowane hoto. A sa mai haja ya juya kayan, ya kashe kwamfutar ya sake kunna ta, ya shiga shafin BIOS da ke fitowa kafin Windows ya tashi. Wanda ya ce kyamararsa ta lalace, ko kayan na wani sito mai nisa, ko kuma wani na shirin saye in ba a biya yanzu ba, ya riga ya ba da amsa.

Araha ba ta ado

Farashi ma shaida ne a kan hoto. A watan Agustan 2022 an ga wani ɗan kasuwa na tallata SSD ta aljihu mai terabait 30 a shafin Walmart kan dala 39, a lokacin da ta gaske mai terabait 1 ta fi haka tsada. Wani mai bincike da ya sayi irinta a AliExpress ya fasa ta, ya tarar da ƙananan katunan memori guda biyu da aka liƙe da gam.

A farkon 2023 shafin Review Geek ya sayi wata mai terabait 16 a Amazon kan dala 70, ya tarar da katin memori mai gigabait 64 a ciki.

Irin waɗannan na'urori an saita su ne su faɗa wa kwamfuta girman ƙarya. Suna karɓar duk abin da aka zuba musu ba tare da ƙorafi ba, amma da zarar ainihin wurin ya cika, sai bayanai su riƙa salwanta. Asarar a nan ta wuce ta kuɗin saye, domin takardun aiki da hotunan iyali ne ke tafiya, kuma mai su ba zai sani ba sai ranar da ya neme su.

Yabon masu saye da ke ƙarƙashin talla ma abin dubawa ne. Wasu 'yan kasuwa kan ɗauki tsohuwar tallar da ta tara yabo, su sauya hoto da suna. Idan ana tallar SSD amma masu sharhi na yabon wani kaya daban, to an yi wannan dabara.

Abin da hoto ba ya nunawa

Akwai maguɗin da ko gwanin gwanaye ba zai gani a hoto ba. Bayan da tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da katunan girafik wajen haƙa a watan Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun kwararo kasuwa. A 2023 wasu masu gyara a Brazil sun nuna yadda ake shafa wa ƙwayoyin irin waɗannan katuna fenti domin ɓoye sauyin launin da zafi ya jawo.

A 2024 kuma masu gyara sun riƙa cin karo da katunan RTX 4090 waɗanda daga waje lafiya lau suke, amma da aka cire murfi sai aka tarar an ɗauke babbar ƙwayar da ke ciki.

A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise a Jamus ta ba da rahoton faya-fayan ajiya na Seagate da aka sayar a matsayin sababbi, alhali sun yi aikin dubban sa'o'i. An goge ƙididdigar da aka saba dubawa, amma wata ƙididdiga ta biyu mai suna FARM ta fallasa gaskiya. Seagate ya ce ba daga wurinsa suka fito a haka ba, ya kuma shawarci jama'a su riƙa saye daga dillalan da ya amince da su.

Saboda haka bincike ba ya ƙarewa sai an gwada kaya. CPU-Z da GPU-Z na bayyana ainihin furosesa da katin girafik. H2testw, wadda aka rubuta wa mujallar c't ta Jamus, tana cika ma'adana da bayanai ta sake karanta su domin gano girmanta na gaskiya. Samsung Magician kuma na tantance ko SSD ta kamfanin ce. Dukansu kyauta ne.

Hanyar biya

Hukumomi sun fara matsa wa kasuwannin lamba. A Amurka, dokar INFORM da ta fara aiki a watan Yunin 2023 ta wajabta musu tantance manyan masu sayarwa a shafukansu. Dokar ayyukan intanet ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki gaba ɗaya a watan Fabrairun 2024, ita ma ta buƙaci a san ko su wane ne 'yan kasuwar. A Najeriya, hukumar FCCPC ce ke karɓar koken masu saye.

Duk da haka, kariyar da ta fi saurin amfani ita ce hanyar da aka bi aka biya. eBay da AliExpress da Amazon na da tsarin mayar da kuɗi idan kaya suka saɓa da abin da aka tallata, muddin a cikin shafin aka biya kuma aka kai ƙara kafin wa'adi ya cika. Kuɗin da aka tura kai tsaye zuwa asusun mutum, ko ta sashen 'yan uwa da abokai na PayPal, ba su da wannan kariya.

A shafukan da ke haɗa mai saye da mai sayarwa kawai, irin su Jiji, abin da ya fi shi ne a haɗu a bainar jama'a, ko a shagon mai gyaran da aka yarda da shi, a gwada kaya kafin a biya.

Wanda kuma za a aiko wa kaya daga nesa, ya adana hotunan tallar da bayaninta tun ranar saye, domin mai haja na iya sauya su daga baya. Ranar da kaya suka iso, ya ɗauki bidiyon buɗe kwalin tun daga yanke tef har zuwa lambar shaida, ya kuma yi gwajin a ranar, tun wa'adin mayarwa bai fara ƙurewa ba.